Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kamfanin D.C. Thomson Na Birnin Dundee

Zuwa ga shugaban kamfani da daraktocinsa,
Gidan Meadowside, Dundee, Sikotland.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyalanku, ina miƙa gaisuwa ga ma'aikatanku baki ɗaya, waɗanda suke bakin aiki da waɗanda aka sallama. Ni malamin makaranta ne a Zariya, na kusa ajiye alli. Ina magana ne da yawun mutane iri biyu. Akwai tsofaffi irina waɗanda suka fara haɗa baƙin Turanci a cikin mujallun zane da kuke bugawa, tun ba su san a wace nahiya Dundee take ba. Akwai kuma matasa masu zane, wasunsu ɗalibaina ne, waɗanda suke ƙoƙarin yin labarin zane da Hausa, suna neman gwanayen da za su yi koyi da su. Na rubuta da Hausa domin su ne za su fara karantawa, su kuma gyara mini idan na faɗi abin da ba su aike ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da kuka yanke a watan Fabrairun 2023, ta rage ma'aikata 300 da rufe mujallu kusan 40 domin cike giɓin fam miliyan 10. Na daɗe ina juya maganar a raina. Da farko na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina ruwan malamin makaranta da lissafin kamfanin da ke wata uwa duniya. Daga baya na ga cewa abin da ke hannunku ya wuce dukiyar gida ɗaya, kuma mu ma muna da ɗan rabonmu a ciki, ko da na tunawa ne.

Kawuna ma'aikacin reluwe ne. Duk ƙarshen wata, in an yi albashi, sai ya bi ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Gari, ya sayo mana ɗaurin mujallu da suka sha hannu, wasu ba bango, wasu da sunan wani yaron Bature a rubuce a sama. A cikinsu na fara ganin The Beano da The Dandy da ƙananan littattafan yaƙi na Commando. Ranar da mahaifina ya ji ana cewa muna karanta wani abu wai shi "Dandi", sai ya sa aka kawo masa, domin a wurinmu dandi ba kalmar da uba yake son ji a bakin ɗansa ba ce. Ya buɗe ya ga wani ƙaton mutum mai faffaɗan haɓa yana cin naman saniya da ƙahonni sun leƙo ta saman akushi, ya yi dariya har da ƙwalla, ya mayar mana. Desperate Dan ke nan. Turancin da bulala ta kasa cusa mini a aji, wannan ƙaton da wani yaro mai riga ja da baƙi da karensa mai cizo suka koya mini shi a zaure, domin in ban gane kalma ba, hoton yana gaya mini abin da take nufi. Shekaru da yawa bayan haka wani ɗan gajeren kwas ya kai ni Sikotland, na hau jirgin ƙasa na je Dundee takanas, na tsaya gaban mutum-mutumin Dan da aka kafa a tsakiyar gari a 2001, ina kallonsa kamar na haɗu da wani dattijon unguwarmu.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da shi. Mutanen Birtaniya suna yi wa garinku kirari da abubuwa uku: saƙar algarara, irin buhun da aka gina dalar gyaɗa da shi a Kano, da dafa jam, da aikin jarida. Biyun farko sun zama labari, na ukun ne ya rage, kuma ku ne shi. Tun da David Coupar Thomson ya kafa kamfanin da wannan suna a 1905, har yau yana hannun zuri'a ɗaya, bai koma Landan ba, ba a kuma haɗiye shi ba. Manyan abokan gasarku na Landan sun yi ta sauya suna da iyayen gida, daga Amalgamated Press zuwa Fleetway zuwa IPC, har tarkacen abin da suka bari ya watse a hannun masu saye. Ku kuwa kuna nan. The People's Friend tana fitowa tun 1869. A tsakanin 1921 da 1933, ƙarƙashin edita R. D. Low, kun fito da mujallun labaran yara maza guda biyar, Adventure da The Rover da The Wizard da The Skipper da The Hotspur. The Dandy ta biyo baya ranar 4 ga Disambar 1937, The Beano kuma ranar 30 ga Yulin 1938. Da yaƙin Hitila ya sa takarda ta yi wuya, ba ku kashe waɗannan biyun ba, sai kuka riƙa fito da su bi da bi, wannan mako ɗaya, waccan mako na gaba, har zuwa 1949. A 1950 The Beano ta kai tana sayar da kusan kwafi miliyan 2 a mako guda. Ban san wani gidan ɗab'i mai zaman kansa da ya riƙe yaran ƙasa guda tsawon wannan lokaci haka ba.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga koke-kokenmu.

Na farko shi ne yadda ake rufe mujalla a gidanku. Ba mu ce kada a rufe abin da ba ya ciyar da kansa ba. The Dandy ta sauko daga miliyoyi zuwa kwafi kusan 8,000 a mako, kowa ya san ba za ta ɗore a haka ba. Amma da kuka daina buga ta a takarda ranar 4 ga Disambar 2012, ranar da ta cika shekara 75 cif, an gaya wa masu karatu cewa za ta ci gaba a intanet. Ba ta yi shekara a can ba aka kashe ta. Abin da ya rage shi ne littafin shekara-shekara da na musamman. Kafin ta, The Topper da The Beezer, da aka haɗe su wuri ɗaya a 1990, sun tafi a 1993, Jackie ma a shekarar, The Victor a 1992, Bunty a 2001. Sai ga na 2023, wanda ya kwashi Shout da mujallun da ake yi a Colchester da sauransu a tashi ɗaya.

Abin da lissafin fam miliyan 10 ba ya nunawa shi ne cewa kowace ƙaramar mujalla makaranta ce. A teburan gidanku Pat Mills da John Wagner da Alan Grant suka koyi sana'a suna ƙananan editoci, kafin su je su gina mujallar 2000 AD da ta sauya labarin zane a Birtaniya daga 1977. Jacqueline Wilson, wadda yaran ƙasarku suka tashi da littattafanta, a gidanku ta fara aiki tana budurwa. Grant Morrison ya yi rubutunsa na farko-farko a mujallarku Starblazer. Duk waɗannan sun shigo ne ta ƙaramar ƙofa, ta mujallar da ba ta kawo riba mai yawa amma tana buƙatar wanda zai cika shafi kowane mako. In aka toshe ƙananan ƙofofin nan, yaron Dundee ko na yankin Fife da ke maƙwabtaka da ita mai hannun zane ba shi da inda zai yi kuskurensa na farko a biya shi. Jami'ar Dundee tana koyar da nazarin labarin zane har matakin digiri na biyu. Ina ɗaliban za su nufa in sun gama, alhali gidan da ya sa garin ya yi suna a wannan fanni yana rage ɗakuna?

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne maganar suna. Na yi shekara fiye da ashirin ina ƙaunar waɗannan zane-zane ban taɓa tunanin cewa mutum ne mai suna da iyali ya zauna ya yi su ba. A zatona haka suke fitowa daga inji. Sai da na girma na karanta tarihin sana'ar na fahimci cewa al'adar gidajen ɗab'in Birtaniya ce a wancan zamani, gidanku kuma ya riƙe ta da ƙarfi: mai zane ba ya sa hannu a aikinsa, marubuci ba a ambatonsa, haƙƙin mallaka da asalin takardar zanen duk na kamfani ne.

Ku dubi Dudley D. Watkins. Ya shigo gidanku a 1925. Shi ya zana Oor Wullie da The Broons tun fitowarsu ta farko a jaridar Sunday Post a watan Maris na 1936, shi ya zana Desperate Dan, shi ya zana Lord Snooty. Sai a 1946 aka yarje masa ya riƙa sa sunansa a ƙasan shafi, kuma aka ɗauki hakan a matsayin wata babbar alfarma da yawancin sauran ba su samu ba. Ya rasu a 1969 a kan teburin zanensa. Da aka rasa wanda zai gaje shi, sai aka yi ta maimaita tsofaffin zanensa na Dan har shekara 14. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa hannun mutum ne jarin, tunda kamfani mai injuna da editoci da kuɗi ya kasa samar da madadinsa.

Ku dubi Leo Baxendale. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ƙirƙiro Little Plum da Minnie the Minx a 1953, sannan a 1954 ya fara zana yaran nan marasa jin magana da suka zama The Bash Street Kids, waɗanda aka ce an samo tunaninsu ne daga kallon filin wasan makarantar da ke daura da tagar ofishinku. Shi da David Law, mai Dennis the Menace tun 1951, da Ken Reid, mai Roger the Dodger da Jonah, su suka mayar da The Beano abin da ta zama. Aiki ya yi wa Baxendale yawa har ya bar gidan a 1962. Ya je ya kafa mujallar Wham! a wani kamfanin a 1964, Ken Reid ma ya bi shi. Daga baya ya shafe shekara bakwai yana shari'a da kamfaninku a kan haƙƙin abin da ya ƙirƙira, aka sasanta a wajen kotu a 1987. Ya rasu a 2017. Minnie tana nan a tagulla a bayan Dan a titin garinku, da danƙonta a hannu, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da ita. Nawa ne a cikinsu suka san sunan wanda ya haife ta da alƙalami?

Na san za a ce doka tana bayanku, wanda ya yi aikin ƙwadago an biya shi, magana ta ƙare. Na kuma san wannan ɗabi'a tana da tushe a tarihin gidan, domin bayan babban yajin aikin 1926 wanda ya kafa kamfanin ya ƙi yarda da ɗan ƙungiyar ƙwadago a ma'aikatarsa, aka kuma daɗe a kan haka. Amma a wurinmu, ko rigar da aka saya a kasuwa, in ɗinkin ya yi kyau, ana tambaya wane ne ya yi aikin wuyan. Maroƙi ba ya rera waƙar wani ya ɓoye mai ita. Biyan lada daban, ambaton mai aiki daban. Na yarda cewa a shekarun baya-bayan nan kun gyara, ana ganin sunayen masu zane da marubuta a abin da kuke bugawa yanzu. Na kuma ga yadda aka karrama David Sutherland, wanda ya karɓi The Bash Street Kids daga hannun Baxendale a 1962 ya riƙe su shekara 60, aka ba shi lambar girma ta OBE 'yan makonni kafin rasuwarsa a watan Janairun 2023. Sai dai gyaran ya tsaya a kan na yanzu. Ɗaruruwan mutanen da suka cika shafukan Bunty da Judy da Mandy da The Wizard da Warlord, da masu zane na ƙasashen Sifen da Italiya da Ajantina da suka yi wa Commando aiki daga nesa, yawancinsu masu sha'awa ne kawai suke bin diddiginsu ta hanyar gane salon hannu. Littattafan biyan kuɗin da za su warware wannan a rana ɗaya suna cikin ma'ajiyarku.

Illar wannan tana iso mu har nan. In na ce wa ɗalibina ya je ya nazarci yadda gwani yake cika shafi ɗaya da yara ashirin kowanne yana nasa rashin ji, dole in ba shi suna ya nema. Wanda ba shi da suna ba a nemansa, ba a rubuta tarihinsa, ba a koyi da shi, kuma jikokinsa ba su da abin nunawa.

Na uku magana ce mai nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A saman bangon The Beano ta farko, kusa da sunan mujallar, akwai hoton wani yaro baƙar fata mai suna Peanut, an zana shi da irin siffar wulaƙanci da aka saba yi wa baƙi a wancan zamani, yana riƙe da yankin kankana. Ya zauna a wurin har 1947. A 1965 kuma, lokacin da Nijeriya da Gana da Nijar suka riga suka sami 'yancin kai, kuka fito da mujallar Sparky, wadda tauraronta yaro ne baƙi da bante na ciyawa, an yi masa leɓɓa kamar faifai. Bai bar shafukanta ba sai 1969. Waɗannan abubuwa ne da suka faru, suna cikin kowane cikakken tarihin labarin zane na Birtaniya.

Ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma ban zo neman wani ya durƙusa ba. Waɗanda suka zana su sun rasu, zamaninsu ma ya wuce. Kokena a kan yadda ake tafiyar da wannan tarihi ne a yau. A wasu lokutan da aka sake buga bangon fitowar farko domin biki, an goge Peanut, wurin ya zama fili kamar ba a taɓa sa komai ba. Na fahimci dalilin, ba a so yaro ɗan shekara bakwai ya buɗe kyautar bikinsa ya ci karo da wannan. Amma gogewa a ɓoye tana cutar da ɓangare biyu. Yaron Birtaniya zai tashi bai san irin abin da aka ciyar da kakanninsa da shi game da mu ba, don haka ba zai gane inda wasu ra'ayoyi suka samo asali ba. Namu yaron kuma, ranar da ya ga asalin hoton a intanet, zai ji an yi masa rufa-rufa. Na ga cewa kun shigo da sababbin yara ajin Bash Street, har da yarinya mai suna Khadija da hijabinta, na kuma ji daɗin hakan ƙwarai. Wanda ya iya wannan gyara zai iya faɗin daga inda aka taso.

Na huɗu gajere ne. Ku ne mamallakan Findmypast, shafin intanet na binciken asalin dangi. Ku ne kuka haɗa hannu da babban ɗakin karatu na Birtaniya kuka buɗe taskar tsofaffin jaridu a intanet a 2011, wadda ta tara shafuka miliyoyi masu yawa. Ku ne kuka ɗauki hoton takardun ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 1921 kuka fito da ita a 2022. Ke nan babu gidan da ya fi ku na'ura da gwaninta wajen ceto tsohuwar takarda. Duk da haka, mai son bin The Wizard ko Bunty ko The Topper daga farko zuwa ƙarshe, dogaronsa yana kan dillalan tsofaffin kaya da 'yan zaɓaɓɓun da aka sake bugawa. Kwafin The Beano ta farko kaɗan ne suka rage a duniya, ana sayar da ɗaya fiye da fam 10,000 a gwanjo. Takardar da aka buga waɗannan mujallu a kanta mai araha ce, tana yin ja tana karyewa da kanta. Kamfanin Rebellion na Oxford ya sayi taskar tsofaffin abokan gasarku a 2016 da 2018, yana gyara shafukan yana fito da su littafi-littafi da sunayen masu su a bango. Mu nan mun san zafin wannan rashi, domin ƙananan littattafan da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta buga a Zariya kafin a rufe ta a 1959, da yawansu sai an sha wuya kafin a ga kwafi ɗaya.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙo ku buɗe littattafan ma'ajiyarku ga masu bincike, a fitar da cikakken jerin wanda ya rubuta da wanda ya zana kowane labari, gwargwadon abin da takardunku suka nuna, a sa shi a inda kowa zai gani kyauta. Duk abin da za a sake bugawa daga yau, a takarda ko a intanet ko a jikin riga da kofi, ya fito da sunan wanda ya ƙirƙiro shi. A kuma sa ɗan allo a gindin mutum-mutumin Dan da Minnie, ko a ƙara a kan wanda yake akwai, mai ba da labarin Watkins da Baxendale yadda baƙo zai karanta ya tafi da sunayensu, in ya so ku nemi haɗin kan hukumar birni. Inda magadan waɗannan mutane suke raye, a duba yadda za a ba su wani kaso daga ribar sake bugawa. Doka ba ta tilasta muku ba, mun sani. Kamfanin da ba ya amsa wa masu hannun jari na kasuwa yana da 'yancin yin abin da doka ba ta tilasta ba, wannan ma yana cikin amfanin zama mai cin gashin kai.

Muna roƙo ku ɗauki hoton dukkan mujallun zanenku, na maza da na mata, waɗanda suka yi suna da waɗanda suka mutu a shekara biyu, ku zuba su a taska ɗaya a intanet. A sa kuɗin shiga, ba mu ce a ba da kyauta ba, amma a yi farashi na daban ga makarantu da ɗakunan karatu na ƙasashen da fam ɗaya yake kuɗin abincin yini, a kuma karɓi biya ta hanyoyin da mutanenmu suke iya biya. A cikin wannan taska kada a goge komai. A bar Peanut a inda yake, a bar Sparky, a sa bayani a gefe mai faɗin shekarar da aka yi su da abin da ya sa aka daina. Bugun yara kuwa a tace shi yadda ya dace, amma a rubuta a fili cewa an tace.

Muna roƙo, kafin a sake rufe wata mujalla, a tanadi inda asalin zanenta da wasiƙun masu karatunta za su koma, ko jami'ar garinku ko gidan tarihi na McManus da ke 'yan taku daga ƙofarku. A kuma ware ko da shafuka kaɗan ne a abin da ya rage, domin sababbin hannu da ba a taɓa bugawa ba.

Roƙona na ƙarshe ya shafi Commando, wadda take fitowa tun 1961 har ta haura fitowa 5,000. Kakana na wajen uwa ɗan Boma ne. Yana cikin dubban mutanenmu da aka ɗiba aka kai su dazuzzukan Boma a yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, sun shiga garin Myohaung a watan Janairun 1945, wasu bataliyoyin Nijeriya kuma sun yi aiki tare da mayaƙan Chindit, wato dakarun Birtaniya na musamman, a bayan layin Japanawa. Da Hausa ake ba da umarni a yawancin rukunonin Nijeriya, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu, Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, yara suna wucewa ta gabansu kullum ba su san daga ina sunayen suka zo ba. Ina tuna ranar da na kai wa kakana wani Commando mai labarin daji, ya sa tabarau ya daɗe yana duban bishiyoyin da ruwan saman da mai zanen ya yi, ya ce wanda ya zana wannan ya san wurin ko ya tambayi wanda ya sani. Daga nan ya shiga ba mu labarin yadda suke ɗaukar kaya a ka su tsallake rafi inda alfadari ya ƙi shiga, da yadda jirgin sama yake jefo musu abinci da laima.

Muna roƙo editocin Commando su ware jerin labarai a kan waɗannan sojoji, su zama su ne jaruman labarin da sunayensu da harshensu. Ku nemi marubuta da masu zane daga ƙasashen da sojojin suka fito, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, su yi aikin tare da naku, a kuma ba da izinin fassara su zuwa Hausa da sauran harsunanmu a kan sharaɗi mai sauƙi. Ina da ɗalibai da za su iya zanen, a cikinsu akwai jikokin 'yan Boma da har yanzu lambobin yaƙin kakanninsu suna cikin adaka a ɗakin tsohuwa. In kun amsa, zan tattara samfurin aikinsu in aiko muku, kowane shafi da sunan mai shi a ƙasa.

Allah ya ja zamaninku, ya kuma buɗa wa waɗanda aka sallama wata ƙofar.

Naku da girmamawa,
Wani malamin makaranta,
Zariya.